Yaya za a sallami ɗan wasa kuma kuɗinsa su ci gaba da cin kulob? (Maganar Russell Wilson da Denver)

Dan_Fagge:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambayata ga masu bin ƙwallon Amurka ce, wato NFL, don ni ban daɗe da fara kallo ba. A watan Maris na 2024 Denver Broncos sun sallami kwatabak ɗinsu (mai jefa ƙwallo da ke jagorantar hari) Russell Wilson, sai na ji ana cewa sallamar ta ci musu dala miliyan 85 a lissafin iyakar albashi. Ni abin da na sani, in ka sallami ma'aikaci albashinsa ya dawo aljihunka. To yaya mutum zai tafi har ya sa rigar Pittsburgh, amma nauyinsa na wuyan Denver? Kuma in dai ko ta halin ƙaƙa sai sun biya, me ya hana su bar shi ya ci gaba da buga musu? A ganina wauta suka tafka. Masana a warware mana.

Sarkin_Gardama:
Wa alaikumus salam. Babu wani abin warwarewa, wauta ce tsagwaronta. Ka biya mutum don ya je ya yi wa wani aiki.

Akanta_Zariya:
Malam Dan_Fagge, tambayarka na kan hanya, amma akwai abu biyu da ka haɗe wuri guda: kuɗin da ke fita daga asusun kulob daban, lissafin da ake rubutawa a littafin iyakar albashi daban.

A NFL kowace ƙungiya cikin 32 ɗin nan ana yanka mata adadi ɗaya da ba za ta wuce ba a shekara. A 2024 adadin dala miliyan 255.4 ne. Albashin shekara ana rubuta shi a shekarar da aka biya. Amma kuɗin sa hannu, duk da ɗan wasa na karɓe su tun farko, doka ta yarda a rarraba su a littafi a kan shekarun kwantiragin, iyaka shekara biyar. Kamar mutum ne ya biya hayar shago ta shekara biyar a dunƙule, yana rubuta kaso ɗaya a littafinsa kowace shekara. In ya tashi daga shagon bayan shekara biyu, kuɗin ba za su dawo ba, kuma kason shekara ukun da suka rage dole ya rubuta su asara yanzu. Wannan ragowar da ke ruftowa ita ce mataccen kuɗi.

Ga yadda na Wilson ya kai 85. An ba shi kuɗin sa hannu miliyan 50 a 2022, ana rubuta 10 duk shekara, an rubuta na shekara biyu, saura 30. A 2023 ya karɓi wani alawus na miliyan 20, ana rubuta 4 duk shekara, an rubuta sau ɗaya, saura 16. Sannan akwai miliyan 39 na 2024 da aka riga aka yi masa garanti, ya buga ko bai buga ba. Tara 30 da 16 da 39.

Ka ga ke nan miliyan 46 daga ciki sun daɗe a aljihunsa kafin a sallame shi. Sabon kuɗin da ya fita shi ne 39 ɗin.

Dan_Fagge:
Allah ya saka da alheri Yallaɓai, yanzu na ga inda 85 ɗin ta fito. Amma rabin tambayata na nan. Tunda 39 ɗin nan dole ce, me ya sa ba su mori kuɗinsu ba?

DanArsenal_Kd:
Mu 'yan Arsenal ba baƙon abu ba ne a wurinmu hhhh. Özil ya tafi Fenerbahçe a farkon 2021, Aubameyang ya tafi Barcelona a farkon 2022, duk ba sisin kwabo da ya shigo mana. Wani lokacin koci kawai so yake mutum ya bar masa ɗakin canza kaya.

Akanta_Zariya:
@Dan_Fagge amsar na cikin wata rana guda. A kwantiragin akwai sharaɗin cewa in Wilson yana cikin 'yan wasan Denver har zuwa rana ta biyar da buɗe sabuwar shekarar lig, wato 17 ga Maris 2024, to albashinsa na 2025, miliyan 37, shi ma ya zama garanti. Saboda haka zaɓin da ke gabansu ba “mu biya 85 ko mu more shi kyauta” ba ne. Da sun riƙe shi, kakar 2024 za ta ci musu 35.4 a littafi, in kuma suka sallame shi a ƙarshenta mataccen kuɗin zai kai wajen 86.6. Jimla kusan 122 maimakon 85. Bambancin shi ne 37 ɗin can. Tambayar da suka yi wa kansu kawai: shekara ɗaya ta Wilson ta cancanci ƙarin miliyan 37? Kocinsu Sean Payton ya ce a'a.

Sarkin_Gardama:
To Payton ɗin wahayi ake masa? A kakar 2023 Wilson ya jefa ƙwallon da ta ci maki sau 26, sau 8 kacal abokan hamayya suka cafke masa. Ba lalacewa ya yi ba. Shi ne fa ya jagorance su suka doke Kansas City bayan sun sha kashi sau 16 a jere a hannunsu. Kawai jininsu bai haɗu da koci ba, sai aka fake da lissafi.

Mazaunin_Colorado:
Ni a nan jihar nake zaune, kuma magoyin bayan Broncos ne tun zamanin tsohon kwatabak ɗinmu Peyton Manning. Sarkin_Gardama, alƙaluman da ka kawo gaskiya ne, amma wanda ya zauna ya kalli wasannin ya san ba su faɗi komai ba. Payton mutum ne mai son a saki ƙwallo da wuri, a kan lokaci, a tsakiyar fili. Wilson kuma ya saba ya riƙe ƙwallo ya yi ta zagaye har sai wani ya ɓalle can nesa. A Seattle yana da ƙuruciyar yin haka. A shekara 35 ƙafar ta rage gudu, sai kama shi ake ta yi a baya. Wasa 30 ya fara wa Denver, 11 ya ci, 19 aka cinye shi.

Amma ni ba sallamar ce ke min ciwo ba. Abin da ke min ciwo an yi shi tun Satumban 2022. Mun karɓo shi daga Seattle a Maris, muka ba da damarmu a zaɓen sababbin 'yan wasa da ake yi duk shekara, ta zagayen farko guda biyu, ta zagaye na biyu guda biyu, da ƙarin wata, ga Drew Lock da Noah Fant da Shelby Harris. Yana da sauran shekara biyu a tsohon kwantiraginsa. Bai buga mana wasan lig ko ɗaya ba, aka ɗora masa sabon na shekara biyar, kusan miliyan 245. Cinikin biri a sama ke nan. Kuma abin dariyar, sabon kwantiragin a 2024 zai fara aiki, wato an sallame shi bai buga ko minti ɗaya a ƙarƙashinsa ba.

Bamaradiya:
Tab ɗi jam. Wato an biya tarar soke auren da ba a ɗaura ba.

Ni tambayata daban ce. Masu kulob ɗin ba su ne iyalan Walmart ba? Na ji sun saye shi sama da dala biliyan 4. Miliyan 85 mene ne a wurinsu da za a yi ta kuka?

Malam_Lissafi:
Hajiya, biliyan 4.65 suka saya a 2022, kuma kin yi gaskiya, kuɗin ba za su hana su barci ba. Matsalar ba ta aljihu ba ce. A NFL ko kai ne Ƙaruna ba za ka sayi ƙarin fili a littafi ba. A ƙwallon kwando ta NBA kana iya wuce iyaka ka biya haraji, a NFL babu wannan ƙofar. Duk dalar da Wilson ya ci a littafi, dala ce da ba za a ba wani mai tsaron baya ko mai kama ƙwallo ba. A 2024 shi kaɗai ya ci miliyan 53, wato kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da aka halatta musu kashewa a kan 'yan wasan ƙungiyar su 53 da sauran 'yan ajiya. Sauran ƙungiyoyi na cefane da 255, su suna yi da kusan 202.

Dan_Fagge:
Tsaya Malam, 53 kuma? Ba 85 aka ce ba?

Malam_Lissafi:
An raba ta biyu. Akwai dokar 1 ga Yuni. In ka sallami ɗan wasa kafin wannan ranar, duk ragowar na faɗo maka a shekarar da kake ciki. In bayan ranar ne, kason bana kawai za ka ɗauka, sauran ya tafi baɗi. To an kuma yarda kowace ƙungiya ta zaɓi mutum biyu a shekara ta sallame su tun Maris amma a lissafa kamar bayan Yuni aka yi. Haka Denver ta yi. Sun ɗauki 53 a 2024, sai 32 a 2025. In ka bi lissafin Akanta: 39 da 10 da 4 shi ne 53, sai 20 da 12 suka rage.

Kyaftin77:
Ƙarin bayani kaɗan a kan na Malam. Wannan dabarar ba kyauta ba ce. Ɗan wasan zai tafi tun Maris ya nemi ƙungiya, amma kai sauƙin da za ka samu a littafi ba zai shigo ba sai 2 ga Yuni, lokacin an riga an wawashe manyan 'yan wasan da ke kasuwa. Kuma a sallama kaɗai take aiki. In sayar da shi za ka yi, sai ka jira Yunin ta zo da gaske. Shi ya sa da Atlanta ta miƙa kwatabak ɗinta Matt Ryan ga Indianapolis a Maris 2022 ta haɗiye miliyan 40.5 a shekara guda. Shi ne mafi girma kafin na Wilson ya ninka shi.

Sannan Denver na da wata hanyar, su ɗauki 35.4 a 2024 su tura 49.6 zuwa 2025. Da gangan suka zaɓi shan mai ɗacin tun farko.

Sarkin_Gardama:
Wannan ma wani kuskuren ne. Iyakar albashin kullum hawa take. 224.8 a 2023, 255.4 a 2024, 279.2 a 2025. Wanda ya san lissafi ai gaba yake tura bashi, don dala ɗaya ta baɗi ta fi ta bana sauƙi. Ba ruwa ake ɗora musu ba balle su ce suna gudun riba.

Akanta_Zariya:
A nan kam maganarka na da ƙamshin gaskiya, kuma ƙungiyoyi da yawa haka suke tunani, musamman Philadelphia. Sai dai abin da ya rage maka a littafi bana kana iya ɗaukarsa zuwa baɗi, don haka bambancin bai kai yadda ake zato ba. Abin dubawa shi ne wace shekara kake sa ran yin takara. Denver ta ɗauka 2024 shekarar gini ce da yaro sabo, sai ta ce gara ta share hanya wa 2025.

Kuma “kullum hawa take” ba kullum ba ne. A 2020 tana 198.2, korona ta zo filaye suka zama wayam, 2021 ta faɗo 182.5. Duk wanda ya tura bashi gaba da zaton za ta hau, a watan Maris na 2021 ya yi ta sallamar tsofaffin 'yan wasa ba don sun gaza ba. Tambayi New Orleans. Su ne sarakunan mayar da albashi kuɗin sa hannu don a shimfiɗa shi gaba, kuma shekara da shekaru duk Fabrairu suna farawa ne a saman iyaka da miliyoyi masu yawa, sai sun sake wani kwaskwarimar kafin su numfasa. Payton daga can ya fito, ya san ƙarshen wannan hanyar.

Zango_Kumasi:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Ni ɗan Chelsea ne, wannan rarraba kuɗin da kuke faɗa ai shi Boehly, Ba'amurken nan na cikin masu kulob ɗinmu, ya kawo mana. Enzo da Mudryk shekara takwas da rabi, don kuɗin sayensu ya bazu a littafi. Har sai da UEFA ta ce daga 2023 iyaka shekara biyar. Ashe daga gida ya kwaso dabarar.

DanArsenal_Kd:
Daga gida ya kwaso, amma bai kwaso maki ba hhhh.

Zango_Kumasi:
Kai da kuka shafe sama da shekara ashirin ba kofin Firimiya bayan na 2004 ne za ka yi magana?

Shugaban_Zaure:
Jama'a a yi haƙuri, Firimiya na da nata zauren. A koma kan batun Malam Dan_Fagge.

Uwar_Biyu_Minnesota:
Ni abin da ban ji kowa ya taɓo ba shi ne ɓangaren ɗan wasan. Kowa na tausayin littafin kulob. Wilson da bakinsa ya faɗa a Disamban 2023 cewa bayan sun doke Kansas City, a makon hutunsu, kulob ya same shi ya ce ya sassauta sharaɗin garantin rauni na miliyan 37 ɗin nan ko a ajiye shi a benci. Har ƙungiyar 'yan wasa ta shiga maganar. Ya ƙi, ya ci gaba da bugawa, sai ana saura wasa biyu a gama kaka aka zaunar da shi aka sa Jarrett Stidham. Payton ya ce neman sabon kuzari yake wa masu kai hari. Wa zai yarda? Tsoro suke kada ya ji ciwo 37 ɗin ta hau kansu.

Su suka rubuta takardar, su suka sa hannu, ba wanda ya ɗora musu bindiga. In ɗan wasa ya ƙi zuwa atisaye yana neman ƙari sai a ce ya mutunta kwantiragi. In kulob ne ya ga ba riba sai a ce kasuwanci ne.

Mazaunin_Colorado:
Anti, a kan bencin nan ba zan kare su ba, abin bai yi kyan gani ba. Amma in tausayi ne, ba Wilson ne wurinsa ba. Mutumin ya kwashi kusan miliyan 124 daga Denver a kan kaka biyu. Wanda ya ba ni tausayi Justin Simmons ne. Tun 2016 yake tsare mana baya, duk shekarun wahalar nan yana nan, bai taɓa buga wasan sili-ɗaya-ƙwale ba, ga hidimar da yake wa yaran gari. A makon da aka sanar da sallamar Wilson shi ma aka sallame shi, don sallamarsa ta buɗe miliyan 14.5. Sai watan Agusta ya samu Atlanta. Jerry Jeudy kuma aka miƙa shi Cleveland. Su suka biya kuɗin kuskuren da ba su suka yi ba.

Akanta_Zariya:
Madalla da ka kawo Simmons, don shi ne ainihin yadda sallamar tsohon ɗan wasa take a NFL. Na Wilson baƙon abu ne. Simmons ya sa hannu a kan shekara huɗu miliyan 61 a 2021. Zuwa shekarar ƙarshe garantin ya ƙare, kuɗin sa hannun saura ɗan kaɗan a littafi, ƙasa da miliyan 4. To in an riƙe shi zai ci sama da 18, in an sallame shi zai ci ƙasa da 4. Malam Dan_Fagge, a irin wannan tunaninka na farko daidai ne, sallama sauƙi take kawowa. Shi ya sa in ka ji an ce wane ya sa hannu a kan shekara biyar miliyan 100, kada babban adadin ya ruɗe ka. Nemi nawa ne garanti, kuma a wace shekara sallamarsa ke fara zama riba ga kulob. Yawanci shekara ta uku ce. Daga nan kwantiragin ya koma na shekara-shekara, kuma kulob ne ke riƙe da wuƙar.

Bamaradiya:
To su 'yan wasan ba su da ƙungiya ne? A Turai in ka sa hannu shekara huɗu, ko benci kake dumamawa sai an biya ka.

Kyaftin77:
Suna da ita Hajiya, kuma yarjejeniyarsu da masu kulob ta 2020 za ta kai har 2030, rabonsu kusan kashi 48 cikin ɗari na kuɗin shiga. Babu dokar da ta hana a yi wa mutum garantin komai, al'ada ce kawai masu kulob ke karewa. Wasan na da yawan rauni, ga mutum 53, ba sa son ɗaure kansu. Cleveland ce ta karya al'adar a 2022 ta ba Deshaun Watson miliyan 230 garanti kaf, kuma yadda abin ya kasance musu ya sa sauran suka ƙara ƙanƙame aljihu.

Amma tsohon ɗan wasa na da 'yan kariya. Wanda ya cika kaka huɗu, in aka sallame shi kafin a rufe kasuwar musaya, kai tsaye yake zaɓar inda zai je, ba a jera shi wata ƙungiya ta ɗauke shi ba da sonsa ba. Kuma in yana cikin jerin 'yan wasa a makon farko na kaka aka sallame shi daga baya, yana iya neman cikon albashin shekarar, sau ɗaya a rayuwar wasansa. Shi ya sa za ka ga ana sallamar dattawa a ƙarshen Agusta, a dawo da su a mako na biyu. Wayo ne.

Dan_Fagge:
Ikon Allah. To shi Pittsburgh nawa suka biya shi?

Kyaftin77:
Miliyan 1.21, mafi ƙarancin albashin da doka ta yanka wa mai shekarunsa. A kwantiragin Denver akwai sharaɗin cewa duk abin da ya samu a wani wuri za a cire daga 39 ɗin. To ko Pittsburgh ta ba shi miliyan 20 aljihunsa ba zai ƙaru ba, Denver kawai zai rage wa nauyi. Me zai sa ya yi musu wannan alherin? Sai ya karɓi mafi ƙaranci, sabuwar ƙungiyarsa ta samu kwatabak kusan a bagas, Denver ta biya sauran kusan 37.8.

Sarkin_Gardama:
Kun ji ko! Kuma Pittsburgh ta zo har Denver a mako na biyu ta doke su 13 da 6. Da kuɗinsu.

Mazaunin_Colorado:
Bai buga ranar ba, yana jinyar ƙafa, Justin Fields ne ya buga. In tsokana kake nema ga wadda ta fi: Wilson ne, yana Seattle, ya lallasa mu 43 da 8 a Super Bowl, wato wasan ƙarshe na cin kofi, na Fabrairun 2014. Sau biyu ke nan yana cin Denver.

Amma tunda ka kawo sakamako, mu ƙarasa. Mun ɗauki sabon kwatabak Bo Nix a lamba ta 12 a zaɓen 2024. Kwantiraginsa gaba ɗaya na shekara huɗu bai kai miliyan 19 ba. Muka ci wasa 10 aka ci mu 7, muka shiga sili-ɗaya-ƙwale karon farko tun kakar 2015, da miliyan 53 a mace. Pittsburgh ma 10 da 7 ta yi, ta rufe kaka da shan kashi huɗu a jere, Baltimore ta fitar da ita a zagayen farko, kuma ba ta sabunta wa Wilson ba.

Sarkin_Gardama:
Ku kuma Buffalo ta yi muku 31 da 7. Da kuna da 53 ɗin nan ku sayi mutane, wa ya sani? Kuma kada ka yi min hukunci da abin da ya faru daga baya. Ranar da suka sallame shi ba su da Nix a hannu, zaɓen sai ƙarshen Afrilu. Nix ne kwatabak na shida da aka ɗauka a daren. Da wani ya riga su, ko da yaron bai yi kyau ba, da yanzu kuna zagin Payton. Sa'a ce ta rufa asiri.

Malam_Lissafi:
Sa'a na ciki, ba musu. Sai dai 53 ɗin da kake cewa “da suna da ita” babu duniyar da za su same ta. Ko sun riƙe shi 35.4 na nan, ga 37 na jiran su a gaba. Kuɗin sun tafi tun ranar sa hannu. Abin da ya rage musu kawai su zaɓi shekarar da za su rubuta.

Kuma abin da ya sa ƙungiyoyi suka daina tsoron mataccen kuɗi shi ne albashin sababbi da aka ƙayyade tun 2011. In ka dace da yaro mai kyau, arharsa na cike ramin da tsohon ya bari. Philadelphia ta haɗiye 33.8 a kan Carson Wentz a 2021 tana da Jalen Hurts, kaka biyu ta kai Super Bowl. Green Bay ta haɗiye kusan 40 a kan Aaron Rodgers a 2023, Jordan Love ya kai su zagaye na biyu. Tampa Bay ta ɗauki 35 na Tom Brady bayan ya yi ritaya, ta ɗauko Baker Mayfield da arha, ta ci rukuninta.

Sarkin_Gardama:
Ka tsallake Atlanta. Sun haɗiye na Ryan, suka yi 7 da 10 sau biyu, suka kori koci, suka je suka ba Kirk Cousins miliyan 180, kafin kaka ta ƙare shi ma yana benci. Ka zaɓo waɗanda suka dace kawai.

Uwar_Biyu_Minnesota:
Kada ku tuna min da Cousins don Allah. Da ya bar mu ya bar mana sama da miliyan 28 a littafi, alhali ba sallamarsa aka yi ba, kwantiraginsa ne ya ƙare.

Dan_Fagge:
To fa. Anti wannan kuma ta yaya? Na ɗauka sai an sallami mutum kafin lokacinsa ake samun ragowa.

Akanta_Zariya:
Shekarun bogi ne. Ana rubuta kwantiragin shekara biyu, sai a liƙa masa ƙarin shekara uku a takarda waɗanda kowa ya san ba za a buga su ba, an ma rubuta ranar da za su rushe da kansu. Amfaninsu kawai a raba kuɗin sa hannu gida biyar maimakon biyu. Ranar da suka rushe, kason ukun nan ya faɗo a dunƙule. Na Brady ma ta haka ya samo asali. Halal ne a dokar lig, kowa na yi.

Zango_Kumasi:
Da Laporta ya san wannan da Messi bai yi kuka a 2021 ba. Shugaba yi haƙuri, na tafi.

Bamaradiya:
Ni dai har yanzu ina tare da Anti. Duk wannan lissafin masu kulob ne suka ƙirƙiro don kare aljihunsu daga junansu, sannan a ce wa ɗan shekara 30 mai gwiwa a kumbure “littafi ne ya kore ka”. Simmons bai karɓi 14.5 ɗinsa ba, kuma ba wanda ya kira wannan asara.

Kyaftin77:
Hajiya, kuɗin ba aljihun masu kulob suke komawa gaba ɗaya ba, akwai ƙasan da dole kowace ƙungiya ta kashe, wajen kashi 90 cikin ɗari na iyakar a tsakanin 'yan shekaru. Abin da aka hana Simmons wani ɗan wasan ne ya karɓa. Kuma ba don iyakar nan ba, ƙaramin gari kamar Green Bay ko Buffalo ba zai iya ja da Dallas da New York ba.

Bamaradiya:
Wani ya karɓa, amma ba wanda aka yi wa alƙawarin ba.

Sarkin_Gardama:
Akanta, tambaya ɗaya. Tunda ka ce komai a fili yake a takarda tun 2022, waye ya zauna ya amince da sharaɗin 17 ga Maris ɗin nan? George Paton ne babban manaja lokacin, kuma har aka sallami Wilson yana kan kujerarsa. Hackett, kocin da ya gabaci Payton, kaɗai aka kora, ko kaka ɗaya bai ƙarasa ba. Ku lissafa min nawa shi Paton ya ci a littafi.

Akanta_Zariya:
Ko sisi. Albashin koci da manaja ba ya shiga iyakar, na 'yan wasa ne kaɗai. Shi ya sa masu Walmart suka iya biyan Hackett yana gida, suka ɗauko Payton a lokaci guda, kodayake sai da suka ba New Orleans wani zaɓen zagayen farko kafin ta sake shi.